Kada teburin Sherwood ya zaɓa maka rediyo

Duk wanda ya shiga harkar rediyon 'yan sha'awa, wanda ake kira ham, ba ya daɗewa kafin a nuna masa teburin Rob Sherwood. Wannan injiniya mazaunin jihar Kolorado ta Amurka, mai lambar kira NC0B, ya shafe shekaru fiye da arba'in yana gwada risibobi yana jera su daga na sama zuwa na ƙasa. Aikin nasa abin yabo ne. Matsalar tana wajen masu saye da ke ɗaukar jerin kamar sakamakon jarrabawa, su ce wanda ya zo na ɗaya shi ne rediyon da ya kamata kowa ya mallaka.

Teburin ya jera na'urorin ne bisa ma'auni guda: yadda risiba ke iya jin sigina mai rauni alhali wasu sigina masu ƙarfi na nan kusa, tazarar kilohaz 2 kacal. Asalin gwajin ya samo tushe a shekarun 1970, lokacin da rediyon Drake R-4C ya yi fice a gwajin tazarar kilohaz 20, amma ya rikice a gasar saƙon Mos inda tashoshi ke cunkushe. Sherwood ya matso da tazarar, sai raunin ya fito fili. A wannan ma'auni Yaesu FTDX101D ya kai desibel 110, Icom IC-7300 kuwa, wanda ya fito a 2016, yana cikin casa'in da wani abu.

Bambancin gaskiya ne, amma wa yake amfana? Mai gasa a tsakiyar Turai, da manyan tashoshi kewaye da shi, zai ji shi. Shi kansa Sherwood ya sha bayyana cewa abin da yawancin mutane ke buƙata a aikin yau da kullum yana ƙasa sosai da lambar da ke saman teburin. A ƙasashen da masu lasisi ba su da yawa, irin su Najeriya mai lambar 5N da Nijar mai 5U, da wuya maƙwabcinka ya cika maka risiba da sigina.

Abin da ke toshe kunne a nan shi ne hayaniya. Risiba mai kyau na iya jin sigina har wajen desibel 130 ƙasa da miliwat ɗaya, amma a ɗakin gwaji ne. Da zarar an jona eriya a mita 40 ko 80, shuuu ɗin da ke shigowa daga waje ya danne wannan ƙwarewa. Inbatar sola, cajar waya mai araha, ƙwan LED da janareta duk suna zuba hayaniya a gajeren zango, ga kuma tsawa da walƙiyar damina, wadda ta fi yawa a yankinmu. Rediyon miliyoyin naira da na rabin kuɗinsa hayaniya ɗaya za su ji a gida ɗaya.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi. A cire eriya a saurari shuuu, sannan a mayar. Idan hayaniyar ta ƙaru sosai, to risibar ta riga ta fi wurin ji, ƙarin kuɗi a kanta ba zai kawo sabuwar tasha ba. Daga nan a kashe wutar gida gaba ɗaya a kunna rediyon da batir. Abin da ya ragu, daga cikin gida yake fitowa, kuma maganinsa bai kai kuɗin sabon rediyo ba.

Haka ma kwatance da mitar S ba abin dogaro ba ne. A ƙa'ida S9 na nufin maikrobolt 50, kowane mataki kuma desibel 6, amma rediyoyi da yawa ba sa bin wannan. Mai son kwatanta biyu ya raba musu eriya ɗaya a lokaci ɗaya, ya bar manhajar WSPR ko FT8 ta Joe Taylor ta ƙirga tashoshin da kowanne ya kama cikin dare guda. Lambobin da suka fito na gidansa ne.

Masu kare teburin na da hujja: ba don irin wannan awo da na ɗakin gwajin ARRL ba, da kamfanoni sun ci gaba da sayar da talla. Kuma lambobi na da amfani a ƙasan jeri. Ɗan dongul na RTL-SDR mai bit 8 yana saurin cikewa idan babbar tashar watsa labarai na kusa, teburi irin wannan ne ke sa mutum ya gane dalili. A yi amfani da shi wajen cire na'urori marasa kyau. Bayan haka, sauran kuɗin ya tafi kan eriya mai tsayi nesa da inbata, waya mai kyau, da zoben ferait a kan igiyoyin wuta.