Gidan Filta Dabam, Cikinsa Dabam

'Yan'uwa manoma, akwai wani layi da muke yawan gani a littattafan kuɗi na ƙungiyoyinmu, daga nan Kusugu har Sandamu da Zango da Mai'adua. Layin shi ne: "An sayi filta." Ba a faɗi wace iri ba, ko ta baƙin mai, ko ta gas, ko ta iska. Ba a kuma faɗi ko gidan aka saya ko cikinsa ba. Mu dai a ganinmu, ma'aji bai kamata ya fitar da ko kwabo a kan irin wannan rubutu ba.

Ku dubi rariyar da matanmu suke tankaɗe da ita. Idan ragar ta yage, sai a kai wa mai gyara ya sa sabuwa, bakin rariyar yana nan yadda yake. Haka yawancin filtar tarakta da motar ɗaukar kaya take. Akwai gida na ƙarfe ko na roba mai ƙarfi, wanda aka ɗaure a jikin injin, bututu na shiga, bututu na fita. A cikinsa akwai takarda mai ninki-ninki, wadda makanikai suke kira elemen. Takardar ce take tace datti, ita ce kuma take mutuwa. Gidan kuwa, in bai tsage ba, zaren murfinsa kuma bai ci ba, yana iya kai tsawon ran injin.

Amma akwai wata iri dabam, kada a ruɗe ku. Ita ce mai kama da gwangwanin madara, wadda ake murɗawa da hannu. Ta bazu ne daga Amurka tun wajen 1955, ita ce kuma aka saba gani a Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna daga 1975. Wannan gwangwanin da takardar a haɗe suke, ba a buɗe shi, dukansa ake yarwa. To ko a nan ma, kan da ake murɗa gwangwanin a jikinsa na injin ne, ba ya cikin abin da ake sakewa.

Kuɗinmu yana zubewa ta hanya biyu. Ta fari, a ce wa ƙungiya filta ta lalace, a karɓi kuɗin gida da ciki, alhali takarda kaɗai aka sake. Ta biyu ta fi muni, mu ne kuma muke yin ta da hannunmu. Don mun ɗauka duk abin ake saya, sai mu ji tsoron tsada, mu ce direba ya wanke tsohuwar da fetur ya mayar. Takarda ba ta wankuwa. Ramukanta sun fi gashin kai ƙanƙanta nesa ba kusa ba, dattin da ya shige su ba ya fita, wanki kuwa sai ya sassauta ta ko ya huda ta. Filtar baƙin mai idan ta toshe, akwai wata 'yar ƙofa da take buɗewa don kada injin ya bushe, sai mai ya riƙa zagayawa da dattinsa, direba bai san komai ba. Ta gas kuwa idan ta huje, yashi da ruwa su wuce kai tsaye zuwa famfon injekta. Wanda ya taɓa ɗaukar famfon nan zuwa Kano gyara a tsakiyar huɗa, ya san kuɗin takarda ba kuɗi ba ne. Ga gonakin mambobi suna jira, damina kuwa a ƙasar Daura gajeruwa ce.

Abin wankewa shi ne gidan. Tarakta irin Massey Ferguson tana da ɗan kwano a ƙarƙashin filtar gas, wani na gilashi, inda ruwa yake kwantawa. A riƙa zubar da shi, musamman mu da muke sayen gas a jarka. Tsofaffin tarakta kuma masu kwanon mai a filtar iska, kwanon ake wankewa a zuba sabon mai, a lokacin hunturu ma kusan kullum.

Kada a manta da zoben roba. Sabon elemen yakan zo da nasa a kwali. Mun sha ganin an sa sabuwar takarda an bar tsohon zobe, mai ya yi ta ɗiga, ko iska ta shiga gas injin ya ƙi tashi, daga nan a ce ai gidan ne ya lalace.

Shawararmu ga kowane kwamiti ita ce, a tafi da makanike gaban injin, ya nuna kowace filta, magatakarda ya rubuta irinta da lambarta a bangon littafi. Yawancin tarakta ana yi musu juyen baƙin mai bayan awa 250 na aiki, amma littafin injinku shi ne alƙali. A sayi elemen biyu-biyu tun da rani a ajiye. Duk ran da aka sake, a kawo tsohon a ajiye gaban ma'aji tare da rasit. In kuwa an ce gidan ne za a saya, mutum biyu daga kwamiti su je su ga tsagar da idonsu.