Harajin Amurka da Audugar Kaele

Duk ɗan kasuwar da ke baje kaya a Kaele ko Dumru ya san lokacin da ciniki ke tashi, wato in SODECOTON ta biya manoma kuɗin auduga. A lokacin ne ake yanka atamfa, a sayi keke, a biya tsohon bashi. Don haka duk abin da ya taɓa auduga, aljihunmu ya taɓa.

Mafi yawan audugar nan ba a gida ake saƙa ta ba. Ana gurje ta, a ɗaure dila-dila, a kai Duwala, jirgin ruwa ya wuce da ita Asiya, musamman Bangaladash, inda ake ɗinka rigunan da ake sayarwa a Amurka da Turai.

To, a watan Afrilun 2025 Shugaba Trump ya sanar da harajin kashi 37 cikin ɗari a kan kayan Bangaladash. Bayan tattaunawa aka sauko da shi zuwa kashi 20 a watan Agusta, kuma cikin alkawuran da Bangaladash ta ɗauka har da ƙara sayen audugar Amurka. Masaƙa dai ba ta sayen abin da ya fi ƙarfin injinta. Duk dilar da ta ɗauko daga Amurka, ta wani aka bari, kuma manomin Mayo-Kani ba shi da wakili a wurin wannan ciniki.

A cikin Afrilun nan ne kuma harajin kayan Sin ya kai kashi 145, kafin a rage shi. Kayan da suka rasa ƙofar Amurka sai su nemi wata kasuwa, har da tamu. Wasunmu na murna za a samu yadi da araha. Amma wa zai saya, in manomi ya dawo daga awo hannu sake?

Abin takaicin shi ne muna da masaƙa a Garwa. CICAM tana nan tun shekarun 1960, amma atamfar waje da gwanjo sun durƙusar da ita, kuma mu da kanmu muke dakon su. Muna kira ga gwamnati a Yawunde ta tsaya wa wannan masaƙa da jari da wutar lantarki tsayayya, domin audugar da aka saƙa a Garwa ba ta jiran sa hannun wani shugaba a Washinton.

Kafin nan, 'yan'uwa, kada a cika shago da kayan bashi don sun yi araha. A fara jin nawa SODECOTON ta yanke wa kilo, da kuma yaushe za ta biya.