A Shigo da Zoben Zinariya Ajin Kimiyya

Wata baiwar Allah da muke maƙwabtaka da ita ta taɓa ɗaukar sarƙar da aka sa mata a lefe ta kai kasuwa, domin ta biya kuɗin maganin mai gidanta. Maƙerin ya goga sarƙar a kan wani baƙin dutse, ya ɗiga ruwan asid, sai zanen ya ɓace. Ashe shekara goma sha biyu tagulla take ɓoyo a ƙarƙashin akwati, an shafa mata ruwan zinariya. Abin da ya fi damuna shi ne tana da 'ya'ya biyu a sakandare, dukansu 'yan ajin kimiyya, kuma gwajin da zai tona asirin wannan sarƙa yana nan cikin littafinsu na fiziks. Ra'ayina shi ne laifin namu ne, mu malamai, da muke koyar da ƙarafa kamar ba su da gida sai cikin littafi.

Da farko mu tambayi kanmu, me ya sa zinariya? Amsar tana cikin ɗabi'arta. Wannan ƙarfe mai lamba 79 a jadawalin sinadarai, wanda ake yi wa alamar Au, ba ya haɗuwa da iskar oksijin, saboda haka ba ya tsatsa. Baƙin ƙarfe yana cinyewa, jan ƙarfe ya yi kore, azurfa ta yi baƙi, amma zinariya tana nan yadda take. Ga ta da taushi, har giram ɗaya ana iya buge shi ya zama falle mai faɗin kusan murabba'in mita guda. Kuma ana samunta a tsagwaronta cikin yashin rafi, ba sai an narka dutse ba. Shi ya sa mutanen da suka fara ƙira suka yi saurin kama ta. A maƙabartar Barna ta ƙasar Bulgeriya an tono kayan adon zinariya da suka haura shekara 6,000. Haka nan rufin fuskar Fir'auna Tutankamun, wanda aka gano kabarinsa a 1922, ya fito yana ƙyalli bayan fiye da shekara 3,000 a cikin duhu.

Mu 'yan Afirka ta Yamma ba baƙi ba ne a wannan labari. Daga filayen Bambuk da Bure, daga baya kuma daga dazuzzukan Akan, ayarin raƙuma ya yi ƙarnoni yana ƙetare Sahara da garin zinariya, ana buga dinari da ita a Magrib. Da Mansa Musa na Mali ya ratsa Alƙahira a 1324 kan hanyarsa ta aikin Hajji, kyautar da ya yi ta karya darajar zinariya a birnin. Marubucin nan al-Umari, wanda ya je can bayan kimanin shekara goma sha biyu, ya ce har lokacin ba ta farfaɗo ba. Fataken Hausa da ke zuwa Gwanja sarin goro kuwa sun yi ciniki da Asante, mutanen da maƙeransu suka gwanance wajen zubi: su sassaƙa siffa da kakin zuma, su lulluɓe ta da yumɓu, su gasa har kakin ya tsiyaye, sa'an nan su zuba narkakkiyar zinariya a gurbinsa. Wannan kimiyya ce tsantsa, domin zinariya ba ta narkewa sai zafi ya kai digiri 1,064.

A ƙasar Hausa zinariya ta zama dukiyar mata. Musulunci ya hana maza yin ado da ita, ya halatta wa mata, kuma a mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki shi ne rubu'in dinari. Dinari kuwa miskali ɗaya ne na zinariya, wato kimanin giram 4.25. Saboda haka 'yan kunne da awarwaro da sarƙar da ke cikin lefe ba ƙawa kaɗai ba ce. Ita ce ajiyar da mace take da cikakken iko a kanta, wadda gara ba ta ci, kuma faɗuwar darajar kuɗin takarda ba ta cika taɓa ta ba. Da ita ake biyan kuɗin makaranta ran da ciniki ya tsaya, da ita ake tada jari. Wanda ya cuci mace a nan, asusunta dungum ya kwashe.

Wani zai ce wannan sha'anin kasuwa ne, kuma maƙeran fari sun san aikinsu tun kafin a gina makarantar boko. Gaskiya ne, ban raina dutsen gwaji ba, dabara ce da ta haura shekara 2,000. Sai dai ilimin yana hannun mai sayarwa, mai saye kuwa sai abin da aka faɗa mata. Wani kuma zai ce ba ya cikin manhajar jarrabawa. Wannan ba haka ba ne. Gauraye-gaurayen ƙarafa da nauyin abu bisa girmansa duk suna ciki. Misalin gida ne kawai muke ƙin kawowa.

Ɗauki batun karat. Zinariya zalla ta yi taushi da yawa, awarwaronta zai lanƙwashe, don haka ake gauraya ta da jan ƙarfe ko azurfa. An raba ma'aunin gida 24. Karat 22 yana nufin gida 22 zinariya ce, biyu gauraye, shi ne ake buga wa lamba 916, wato kashi 916 cikin 1,000. Karat 21 lambarsa 875, karat 18 kuma 750. Wannan lissafin ɗan aji ɗaya ne, amma ɗalibai nawa ne suka taɓa juya maƙullin sarƙar mahaifiyarsu su karanta abin da ke jiki? Kodayake lamba kaɗai ba hujja ba ce, mai jabu ma ya iya buga ta.

Hujjar ita ce wadda ake danganta wa Arkimidis na birnin Sirakus, da aka ce sarki ya ba shi kambi ya bincika ko maƙeri ya yi algus. Kowane santimita ɗaya mai kusurwa huɗu, tsawo da faɗi da zurfi, na zinariya yana da nauyin giram 19.3. Na azurfa 10.5 ne, na tagulla bai kai 9 ba. To, ga aikin da nake roƙon kowane malami ya gwada. A auna zobe a sarari, sa'an nan a ɗaure shi da zare a sake auna shi yana nutse cikin ruwa ba tare da ya taɓa gindin kofi ba. A raba nauyin farko da abin da ya ragu. Zobe mai giram 10 na karat 18 zai rasa kimanin giram 0.65, amsar ta faɗa tsakanin 15 da 16. Idan tagulla ce zai rasa kusan giram 1.2, amsar ba za ta kai 9 ba. Tazarar ta isa ɗalibi ya gani da idonsa.

Sai a kiyaye abu uku. Ana bukatar sikeli mai nuna kashi ɗaya cikin ɗari na giram. Awarwaro mai rami a ciki, ko zobe mai dutse, zai ba da amsar ƙarya, don haka a zaɓi cikakken ƙarfe. Akwai kuma ƙarfen tangistin, wanda nauyinsa ya yi kusan daidai da na zinariya, shi kam sai na'urar masana. Gwajin asid a bar wa malami shi kaɗai, kuma kada ɗalibi ya ɗauko zoben uwarsa sai da izininta.