Gyaran Gangar Auzinawa a Kilomita Biyar

Wata ɗabi'a ta zama ruwan dare a rumfunan gyaran kwamfuta na unguwar Kilomita Biyar, cibiyar cinikin Bangui. Da an kawo kwamfutar da za a sa wa Windows, sai mai gyara ya danna F2 ko F10, ya shiga shafin da ke tsara yadda na'ura ke tashi, ya kashe Secure Boot, ya mayar da ita daga UEFI zuwa Legacy. Kwamfuta ta tashi, an biya kuɗi, an rabu ana murmushi. Wannan cuta ce, ko da an yi ta da kyakkyawar niyya.

Legacy tsohon tafarki ne da aka gada daga BIOS na kwamfutar IBM ta 1981. Yana tafiya da tsarin rabon faifai na MBR, wanda bai wuce manyan kaso 4 ba, kuma ba ya cin moriyar abin da ya haura tirabayit 2. UEFI kuwa da GPT yake aiki, kuma shi ne ke ɗauke da Secure Boot, mai gadin da ke hana manhajar da ba ta da sahihin sa hannu tashi kafin Windows. Wanda ya kashe shi ya sallami mai gadi don ƙofa ta yi saurin buɗewa.

Hujjarsu ita ce kayan da ke zuwa ta hanyar Duwala tsofaffi ne. Wannan uzuri ya karɓu ga na'urar da ta girmi Windows 8 ta 2012. Amma me za a ce game da Dell ko HP da aka ƙera bayan haka? Matsalar tana cikin filashin mai gyara, wanda ya shirya shi a tsarin MBR kuma yake ƙyashin sake shi, alhali manhajar Rufus tana yin haka cikin mintoci.

Ga inda gizo ke saƙar. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 na bukatar UEFI da TPM 2.0. Ɗalibi ko ɗan kasuwar da aka mayar masa da na'ura Legacy za a ce masa ba ta cancanta ba, ya sayar da ita da arha, alhali lafiyarta lau.

Mai kwamfuta, tambayi tsarin da aka sa maka kafin ka biya. Kada ka sauya shi kai tsaye, domin Windows ɗin da ke kan MBR ba za ta tashi a UEFI ba. A fara adana fayiloli, a juya faifan da umarnin MBR2GPT, sannan a sauya saitin. Mai gyaran da bai san wannan ba, sai ya koma gaban maigidansa ya ƙarasa koyo.