Hayaƙin Tsohuwar Mota: Gyara Ko Sayen Takarda?

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Sakkwato zuwa Wurno ko Goronyo ran kasuwa, ko ya ratse ya nufi Rabah, ya san irin motocin da talakawan wannan yanki ke dogaro da su: akori-kura, da J5, da tsofaffin Fijo irin waɗanda masana'antar Kaduna ta soma harhaɗawa a 1975. Su ke kwasar albasa da tafarnuwa da shinkafa daga fadamun Rima, su ke kai mai naƙuda asibiti. Amma yawancinsu in sun taka wuta, sai hayaƙi ya turnuƙe hanya, na baya ya rasa ganin gabansa.

Ba a rasa doka ba. A 2011 hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, ta fitar da ƙa'idar hayaƙin injin fetur da na gas, a 2020 kuma ƙasashen ECOWAS suka amince da mizani guda na tsabtar mai da na motocin da ake shigowa da su. Ga kuma takardar lafiyar mota wadda ake sabuntawa lokaci-lokaci. Abin takaici, sau da yawa takardar ake saye, motar kuwa ko murfin injinta ba a ɗaga ba. Direba ya huta, jami'i ya samu na goro, yaran da ke talla a tasha su shaƙi gubar.

Mu a ra'ayinmu, tsufa ba laifi ba ne, ai da tsohuwar zuma ake magani. Sakaci shi ne laifi, domin hayaƙi yakan faɗi ciwon mota da bakinsa. In baƙi ne, mai ya yi wa iska yawa: ko ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, ko kafireta ta kauce, ko fulogi ya mutu. In shuɗi ne, injin na cin baƙin mai, galibi don ringi ya cinye. In fari ne mai kauri ko bayan injin ya yi zafi, ruwa ke shiga inda ba wurinsa ba. Mafi haɗari kuwa ita ce iskar nan ta kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana iya kashe mutum a rufaffen wuri. Haka kuma masu motocin Beljiyam da ke bari a fasa musu salansa a cire abin da kanikawa ke kira "indomi" a sayar, su sani matatar gubar suka sayar.

Wanke matatar iska, da sauya fulogi da baƙin mai a kan kari, da saita kafireta wurin bakanike mai amana, ba su kai kuɗin man da injin mara lafiya ke zubarwa ba, balle tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Saboda haka muna kira ga hukuma da ta kai na'urar gwaji har Wurno da Rabah da Goronyo, kada a tilasta wa manomi barin gona ya kwana a Sakkwato don takarda. A kuma ba wanda motarsa ta faɗi wa'adin gyara kafin a ci shi tara, a haɗa kai da shugabannin tasha da na kanikawa.

Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, gobe wasunku ne za su riƙe biron sa hannu a kan wannan takarda. Ranar da aka miƙo muku ita, ku tashi daga kujera ku je ku dubi salansar tukuna.