Jan Layin Nan Zinariya Ne, Kada Ka Raina Shi

Idan ka kawo ɗanka asibiti da zazzaɓi, akan soki yatsansa a ɗiga jini a kan wani ɗan farin roba. Bayan minti 15 zuwa 20 sai jan layi ya fito. A yawancin irin wannan awo, da zinariya ake yin layin.

Ƙwayoyin zinariyar ƙanana ne ƙwarai, sai an jera wajen 2,000 kafin su kai kaurin gashin kai guda. In zinariya ta ƙanƙanta haka, takan bar launinta ta koma ja. Wani masani a Ingila, Michael Faraday, ya bayyana wannan tun 1857. Yanzu masana sun gano cewa in aka haska su da wata fitila mai ƙarfi, su ma sukan ba da haske. Sai a haɗa su da sinadarin da yake manne wa ƙwayar ciwon daji, su yi ta ƙyalli a madubin likita, a ga inda cutar take. Yawancin wannan aiki yana ɗakin bincike har yanzu, amma awon zazzaɓin cizon sauro ya riga ya iso ƙauyenku.

A ganinmu, kuskure ne a yi awo sannan a ƙi yarda da shi. Mukan ga uba an ce masa layi ɗaya ya fito, sai ya ɓata rai ya wuce kasuwa ya sayi maganin zazzaɓin sauro. Wani zai ce, ai shan maganin ba ya ɓata komai. Yana ɓatawa. Zafin jiki yana iya zama ciwon huhu ko sanƙarau. Kwana uku ana ba yaro maganin cutar da ba ya da ita, ita kuwa ta gaskiyar tana cin jikinsa. Shi ya sa tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi awo kafin a ba da magani.

Layi biyu, akwai cutar, a shanye maganin duka. Layi ɗaya, ka bari ma'aikacin lafiya ya nemi dalilin zazzaɓin. In babu layi ko ɗaya, a sake awon.

Awo yakan yi kuskure jefi-jefi. Saboda haka in zazzaɓin ya wuce kwana biyu, a dawo da yaron. In ya kasa shan nono, ko yana jijjiga, ko wuyansa ya sanƙare, a kawo shi nan take, ko da tsakar dare ne.