MAGANAR NA ƘASA TA SHIGA LITTAFIN AIKI

A Matamaye da sauran garuruwan jihar Damagaram, an hore mu da cewa yaro ba ya katse maganar babba. Tarbiyya ce mai kyau. Amma a ɗakin tuƙin jirgin sama, shirun na ƙasa yana iya zama ajalin jama'a.

Ran 27 ga watan Maris 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Spaniya, jirage biyu suka yi karo a kan hanyar tashi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Injiniyan jirgin KLM ya tambaya ko ɗaya jirgin ya kauce, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya kauce, injiniyan kuwa bai sake magana ba.

Abin ya taɓa mu kusa ran 11 ga watan Yuli 1991, sa'ad da jirgin alhazai mai zuwa Sakkwato ya kama wuta ya faɗi a Jidda, mutum 261 suka rasu. Makanike ya san iskar taya ba ta cika ba, ya nemi a ƙara, amma mai kula da tafiyar bai yarda a jinkirta ba.

Tun 1979 hukumar NASA ta Amurka ta tara masana a kan irin wannan matsala, a 1981 kuma kamfanin United Airlines ya soma koyar da ma'aikatansa dabarun aiki tare: mataimaki ya faɗi abin da ya gani ba kwana-kwana, kyaftin ya saurara, a raba aiki, kowa ya duba na ɗan'uwansa.

Ra'ayinmu shi ne, kwas na ƴan kwanaki ba ya isa. Wajibi ne a rubuta waɗannan ƙa'idodi cikin littafin aikin kowane kamfani, har da kalmomin da mataimaki zai furta, da matakin da zai ɗauka in ba a saurare shi ba. Idan doka ce ta umurce shi, ba wanda zai ce ya yi rashin kunya.

Muna kira ga hukumar ANAC ta binciki wannan a littattafan kamfanonin da ke ɗaukar alhazanmu, makarantar EAMAC ta Yamai kuma ta ƙarfafa shi ga masu ba jirage hanya. Shugabannin ma'aikatu su ma su ɗauki darasi: wanda ke hana na ƙasa magana, a makare yake jin labarin ɓarna.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya maido su lafiya.